Rasuwar Kumanjayi Nungarrayi, Mai Riƙe da Makullan Muryoyinmu

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Majalisar Dattawa da Ma'aikata ta Sashen Harsuna da Tarihin Baka, a reshen jami'armu na Alice Springs, a tsakiyar ƙasar Ostareliya, ta karɓi labarin rasuwar 'yarmu, 'yar'uwarmu, kuma abokiyar aikinmu, Mai Girma Shugabar Kula da Na'urori da Ma'ajiyar Muryoyi ta wannan sashe, Uwargida Kumanjayi Nungarrayi, wadda Allah ya karɓi abarsa da hantsin ranar Alhamis, uku ga watan Yuli, tana da shekara hamsin da biyu a duniya, bayan ciwon ƙoda da ta daɗe tana fama da shi ba tare da ta bari ya hana ta zuwa aiki ba.

Muna tunatar da jama'a, musamman abokan hulɗarmu na nesa, cewa a al'adarmu ta 'yan asalin wannan ƙasa ba a kiran sunan wanda ya rasu, ba a nuna hotonsa, ba a sauraron muryarsa, sai ranar da danginsa suka ce lokaci ya yi. Shi ya sa muke ce mata Kumanjayi a madadin sunanta, muka haɗa da Nungarrayi, sunan rukunin dangin da ta fito. 'Yan maganganunta da za a gani a wannan takarda, mijinta, Malam Lionel Jangala, da ƙanwar mahaifiyarta, Uwargida Ivy Nakamarra, su suka ba da izinin rubuta su. Mun san an yi ta tambaya dalilin da ya sa majalisa ta yi mako biyu ba ta ce uffan ba. Ba sakaci ba ne. Akwai aikin da ya zama dole mu gama kafin mu buɗe baki, kuma za mu faɗe shi a nan, domin ba za a gane girman wannan baiwar Allah ba sai an ji shi.

Marigayiyar ta shigo wannan sashe shekara ashirin da uku da suka wuce, lokacin da kwamfutocinmu ba su wuce shida ba, biyu daga ciki ma an lulluɓe su da bargo don babu wanda ya san abin da ke damunsu. Ta bar mu da kwamfuta tamanin da ke aiki, da ɗakin ɗaukar murya, da layin intanet da ke kai darasi ƙauyuka biyar a kan hanyar hamadar Tanami. Duk ranar Litinin, kafin kowa ya iso, takan zagaya ofis-ofis da ɗan buroshinta tana karkaɗe jar ƙasa daga fankar na'urori. Ba ta taɓa sabunta manhaja ranar Juma'a ba, ko wa ya matsa mata, domin a cewarta wanda ya taɓa na'ura ranar Juma'a ya sayar da Asabar ɗinsa. Ba ta kuma yarda da kwafin ajiya ba sai ta dawo da shi ta gwada ta ga yana buɗewa. Manyan malamai masu digiri uku sukan tsaya a ƙofarta kamar 'yan makaranta, ita kuwa ba ta ɗago kai sai ta ce, "Farfesa, ka kashe ka kunna? To je ka kashe ka kunna, in ya ƙi ka dawo da shayi."

Ni da nake sa hannu a wannan takarda, ina da shekara arba'in da shida na fara zama a ajin yamma na manya, ina direban motar sashe, ban iya rubuta komai ba sai sunana. Ita ke zuwa gyara kwamfutocin ajin. Bisa tsarin danginmu ni uba ne a gare ta, Baba take ce mini, kuma ba ta taɓa raga mini ba. Ranar da na fara danna madannai da yatsa ɗaya ta tsaya a bayana ta ce, "Baba, ba kunama ba ce, ba za ta harbe ka ba. Sa sauran yatsun, Allah bai ba ka su don ado ba." Da yatsun nan goma nake buga wannan saƙo yau. Kuma ba zan ɓoye wa jama'a ba, ko da takardar makoki ce: mako guda kafin rasuwarta Allah ya ba ni jika ta goma sha ɗaya, mace, lafiyayya, mai ƙarfin murya, har yanzu in na tuna da ita sai in ji kamar in tashi in taka rawa. Na kai wa marigayiyar hoton jaririyar a gadon asibiti. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai, an gode Allah, ba ta ɗauko hancinka ba." Dariyar da muka yi ta ƙarshe ke nan, ni da ita.

Babban aikinta, wanda za a daɗe ana cin moriyarsa, shi ne ma'ajiyar muryoyi. Sama da murya dubu goma sha ɗaya ke ciki: waƙoƙi, labaran ƙasa, sunayen rijiyoyi da duwatsu, hirar tsofaffin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Da dama a kan tsofaffin kaset ta same su, zafi ya manne su, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ceto abin da ke cetuwa. Amma ceto muryar ba shi ne mai wuyar ba. Akwai waƙar da mata kaɗai ke ji, akwai ta maza kaɗai, akwai ta gida ɗaya tak, akwai muryar mamacin da iyalinsa ba su buɗe ba tukuna. Ita ta zauna da dattawan kowane gida, shekara da shekaru, ta sa wa kowace murya makullinta a cikin na'ura, ta yadda ɗalibi zai shiga ya ji abin da ya halatta gare shi, sauran kuwa ko sunansu ba zai gani ba. Saboda wannan ne tsofaffinmu suka yarda suka ba jami'a amanar bakinsu.

Shekara biyu da suka wuce jami'a ta yanke shawarar kwashe komai daga tsohuwar babbar na'urarmu, wadda masu aikin ke kira uwar garke, zuwa sabon tsari na bai ɗaya. An ba sassa wata huɗu. Kowane sashe ya gama a kan lokaci, ban da namu, kuma an yi ta aiko mata da takardun tuni daga babban ofishi. Dalilin jinkirin shi ne, tun farkon kafa ma'ajiyar, lokacin ita kaɗai ce, duk makullan da sunanta aka ƙulla su. Ta san haɗarin hakan fiye da kowa. Don haka ba kwashewa kawai take yi ba: kowace murya sai ta cire sunanta daga makullin, ta maye shi da sunan sashe, ta gwada, sannan ta wuce ta gaba. Ta gama na maza tare da mataimakinta, Injiniya Rosendo Villaflor, wanda ya shekara tara a gefenta. Ta gama na gidaje. Saura na mata, murya dubu uku da ɗari biyu, wanda ba namijin da zai taya ta, ta ce za ta yi shi a hutun sanyi. Hutun ya zo, ita ba ta nan.

Washegarin rasuwarta, da ƙarfe bakwai na safe, saƙon da na'ura ke aikawa kullum don shaida cewa an yi kwafin ajiya lafiya ya shiga wayar ma'aikata arba'in, ɗauke da cikakken sunanta a sama, kamar ita ta rubuto. Cikin waɗanda suka gani har da 'yar'uwarta ta ciki ɗaya, mai aiki a teburin karɓar baƙi. Injiniya Villaflor ya tsayar da wannan saƙo kafin azahar, ya kashe gaisuwarta da ke kan layin wayar neman taimako, aka cire allon ƙofarta. Amma sunan yana nan a cikin ma'ajiya, duk wanda ya buɗe ɓangaren mata sai ya yi ido biyu da shi. Ma'aikatanmu 'yan asalin ƙasa suka daina shigowa ginin. Uwargida Nakamarra ta aiko daga zaman makoki cewa iyali na roƙon a ɗauke sunan daga ko'ina kafin jana'iza, ranar sha tara ga wata.

A nan majalisa ke son ta ambaci Mai Girma Daraktar Na'urori ta jami'a baki ɗaya, Uwargida Gwenda Prosser, da alheri. Da ta ji roƙon iyali, da zuciya ɗaya ta bugo waya daga babban ofishi ta ce kada mu damu, minti biyu ya ishe ta ta goge sunan daga tsarin jami'a gaba ɗaya, hannunta ma yana kan madannin. Ina tsaye a wurin lokacin da Injiniya Villaflor, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya yi tsalle ya ce, "Ranki ya daɗe, don girman Allah ɗauke hannunki! In sunan nan ya tafi yanzu, makulli dubu uku ne za su zube, gobe kowane ɗalibi zai ji abin da ko mijin mai waƙar bai taɓa ji ba." Sai ta ce, "Na ɗauke. Faɗa mini abin da zan yi." Ga inda muka tsaya ke nan: a bar sunan, a ci amanar iyalinta, a goge shi da gaggawa, a ci amanar duk matan da suka ba ta muryarsu. Uwargida Prosser ta ce ko za a roƙi iyali su ƙara mana wata guda. Da aka kai wa Uwargida Nakamarra wannan magana, ta ce, "Ku gaya wa baiwar Allah mun gode, amma ba ƙarin kwana muke nema ba. 'Yata ta gaji, a sake ta ta tafi."

Kafin iyayenmu mata su iya shiga ginin, dole a yi wa ɗakunan da marigayiyar ta zauna hayaƙin tsarkakewa na al'ada, kuma babu ɗakin da ta fi zama kamar ɗakin na'urori. Tsofaffin ma'aikata za su tuna abin da ya faru shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da wani abokin aikinmu ya rasu, iyayenmu mata suka shigo da ɗanyen ganye yana ci, suka bi ofis-ofis har cikin ɗakin na'urori, ba wanda ya tuna da ƙararrawar gobara. Ƙararrawa ta ɗauka, na'urori suka kashe kansu, motocin kwana-kwana biyu suka iso da jiniya, muka yi kwana uku babu aiki. Marigayiyar ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon su da hulunansu ta ce, "Ka ga, har 'yan kwana-kwana sun zo gaisuwa, sai dai ba su kawo ko sukari ba." Ba ta ce a daina hayaƙi ba, ba ta kuma ce a cire ƙararrawa ba. Zama ta yi ta rubuta takarda shafi ɗaya: wace na'ura ake fara kashewa, wacce ke biye, wa ake sanarwa a ofishin kashe gobara, awa nawa ake barin tagogi a buɗe kafin a kunna. Da wannan takarda tata aka yi wa ɗakinta hayaƙi ranar Talata, takwas ga wata. Ko ƙararrawa ɗaya ba ta yi kuka ba, kuma da la'asar komai ya tashi daidai.

Sai aikin makullan. Injiniya Villaflor ya san yadda ake yi, amma namiji ne, ba zai kalli ɓangaren mata ba. Iyayenmu mata sun san kowace waƙa da mai ita, amma ba za su kalli allon da sunan ke kai ba. Ana bukatar mace wadda ba dangi ba, wadda kuma ta san na'ura. Uwargida Prosser ta ajiye duk abin da ke gabanta ta hau jirgi ta zo. Ga yadda aka yi aikin, kuma majalisa na son a rubuta shi don na baya. Ita ta zauna gaban kwamfuta, an juya allon ya fuskanci bango. Dattawa mata shida, ƙarƙashin jagorancin Uwargida Nakamarra, da farar ƙasar makoki a jikinsu, suka zauna kan barguna a ƙasa sun ba allon baya. Takan sa farkon murya kaɗan, su ce ta gidan wane ce, wance da wance ke da izini, ta duba ko ya yi daidai da abin da marigayiyar ta sa, sannan ta sauya sunan. Injiniya Villaflor yana can waje a baranda cikin sanyi, an rufe ƙofa, da waya a hannu. In ta maƙale ta kira shi ta faɗi lamba kawai, shi kuma ya faɗa mata abin da za ta danna. Kwana takwas suka yi a haka, daga safe zuwa la'asar, ana kai musu shayi da gasasshiyar wutsiyar kangaru, naman dajin ƙasarmu. A rana ta uku na ji Uwargida Nakamarra ta taga tana ce wa Darakta, "Ke 'yar birni, rage sauri, waɗannan ba tumaki ba ne da za ki kora su ta ƙofa ɗaya." A cikin murya dubu uku da ɗari biyu, wuri huɗu kacal aka samu inda makullin marigayiyar ya saɓa da abin da dattawa suka faɗa, kuma da aka bincika, a uku daga ciki ita ce da gaskiya.

Ranar Laraba, sha shida ga wata, aka gama. Amma matan suka ce ba su yarda ba sai an gwada a gabansu, kamar yadda ita ke yi. Suka sa aka kira ni, aka zaunar da ni gaban kwamfuta, aka ce in shiga da sunana in nemi waƙar mata. Na nema, na'ura ta ce babu. Aka ba ni lambar wata, ta ce ba ni da izini. Na gwada ta uku, ta rufe ni gaba ɗaya, ta ce in tuntuɓi sashe. Uwargida Nakamarra ta tafa hannu, ta kira ni da sunan rukunin dangina ta ce, "Japaljarri, tun kana saurayi kake laɓe kana son jin abin da muke faɗa a kanka, yau ma ka sha ƙasa!" Matan nan da suka yi mako biyu suna kuka suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa jin daɗin kora irin ta ranar ba. Bayan haka Uwargida Prosser ta danna madannin da ta ɗauke hannunta daga kai kwana goma sha biyu da suka wuce, sunan ya fita daga tsarin jami'a, ba makulli ko ɗaya da ya motsa.

Saboda haka majalisa na sanar da jama'a, da cikakken tabbaci, cewa an kammala kwashe ma'ajiyar muryoyi zuwa sabon tsari, kuma babu murya ɗaya da ta ɓata ko ta buɗe ga wanda bai dace ba. Muna gaya wa kowane gida da ya ba mu amana, daga nan har ƙarshen hanyar Tanami, cewa amanarku na nan yadda kuka bar ta. Za a buɗe sashe ranar Litinin, ashirin da ɗaya ga wata, darussan ƙauyuka za su ci gaba a lokutansu. Mai Girma Shugaban Sashe, Farfesa Alastair Drummond, ya amince Injiniya Villaflor ya riƙe ofishin, kuma jami'a ta yi alkawarin ɗaukar mace da za ta kula da ɓangaren mata, wadda dattawa mata za su zauna a wurin tantance ta. Daga yau ba za a sake ƙulla wani makulli da sunan mutum ɗaya ba. Muna roƙon duk mai tsohon saƙo ko hoto nata ya adana shi a inda ido ba zai kai ba, kada a sa a shafukan sada zumunta, kuma masu suna irin nata su yi haƙuri da amsa Kumanjayi har zuwa wani lokaci.

Muryarta ita kanta, wato gaisuwar layin waya da darussa sittin da ta ɗauka tana koya wa ma'aikata aiki, an tambayi Malam Lionel Jangala ko a goge. Ya ce, "Kada ku goge. Ku rufe. Akwai jikokin da ba a haifa ba, za su so su ji yadda take yi wa farfesoshi tsawa." An rufe ta, ita ce murya ta ƙarshe da ta shiga sabuwar ma'ajiya, kuma izinin buɗewa na hannun 'ya'yanta biyu, su kaɗai.

A madadin Mai Girma Shugaban Sashe, da dattawa maza da mata, da malamai, da ma'aikata, da ɗalibai na nan da na ƙauyuka, majalisa na miƙa ta'aziyyarta ga mijinta, Malam Lionel Jangala, da 'ya'yanta, da 'yan'uwanta, da Uwargida Ivy Nakamarra, da dukan dangin da ke zaman makoki. Allah ya ji ƙanta, ya karɓe ta hannu biyu, ya hutar da ita daga wahalar jiki. Allah ya ba iyalinta haƙuri da ƙarfin zuciya, ya raya abin da ta bari, ya sa 'ya'yanta su gaji gaskiyarta da riƙon amanarta. Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe a cocin ƙauyensu, motocin sashe biyu za su tashi daga bakin ƙofa da ƙarfe shida.

'Yata, abin da iyayenki suka roƙa an yi, abin da kika tsare yana tsare. Ba sauran aikin da ke jiranki a nan. Sauka lafiya.

Sa hannu:
Ambrose Japaljarri Corley
Kakakin Majalisar Dattawa da Ma'aikata,
Sashen Harsuna da Tarihin Baka, Alice Springs
Juma'a, sha takwas ga watan Yuli